Mutumin da Mijina Ya Sato a Malkohi

Mijina ɓarawo ne, kuma a gabansa nake faɗa, ba a bayan idonsa ba. Ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba, Allah ya sani. Mutane yake sata. Sai ya je tasha ko bakin asibiti ya samu benci ya zauna, ya ƙura wa bawan Allah ido, kafin la'asar ya kwashe tafiyarsa da tarinsa da yadda yake sosa ƙeya, ya kawo mini gida Bekaji. Bayan sati biyu sai ka ga mutumin nan a talabijin, sanye da fuskar mijina Nata'ala.

Shekara arba'in da ɗaya yana wannan sana'a, tun ana ce wa jiharmu Gongola, tun ana ɗaukar wasan ranar Asabar da kyamara ɗaya tak a Yola. Ya yi masinja, ya yi ɗan doka, ya yi boka da mahauci da kwandasta da kurma. Da zamanin kaset ya zo ya riƙa hawa motar Kano, ya yi sati uku ya dawo da mura. Sau goma sha tara yana mutuwa a fim, ni na ƙirga, har sau biyu dangina na Ganye suka aiko da ta'aziyya. Jarumi kuwa bai taɓa zama ba. Shi ne mai buɗe wa jarumi ƙofa, ko wanda jarumi zai mara. Har mahaifiyata bai ƙyale ba, Allah ya jiƙanta. Yadda take cije leɓe ta ɗaga gira ɗaya kafin ta fara faɗa, ya ɗauka ya liƙa wa wani alƙali. Dada ta gani da idonta, ta yi wata biyu ba ta taka gidanmu ba.

To bana, yana da shekara sittin da shida, sai ga lokacinsa ya zo. Akwai wani shiri mai dogon zango, Lamba Tara, da ake nunawa duk Lahadi, yara kuma suna kallo a waya. Shi ne Baba Sambo maigadi a ciki. Maganarsa ba ta wuce layi huɗu a sati, amma hular nan! Duk sanda zai zauna sai ya cire ta, ya hura cikinta sau biyu, fuf fuf, ya buga ta a gwiwa, ya mayar da ita kai a karkace ta hagu. Shi ke nan fa Jimeta ta haukace. Mutumin da a da ake ce wa "wannan na fim ɗin nan, me sunansa ma", yanzu ba ya iya sayo mini tattasai ba a tsare shi hoto ba. Ina yi masa tsiya, amma daɗi nake ji har cikin raina.

Ran wata Talata da hantsi ina tankaɗen garin masara a tsakar gida aka yi sallama. Wata matashiya ce, siriri, da jakar tafiya a kafaɗa, idanunta jawur.

"Mama, sannu da aiki. Nan ne gidan Baba Sambo?"

"Gidan Nata'ala dai," na ce. "Baba Sambo a talabijin yake kwana. Idan hoto ne ki dawo da yamma."

Ba ta motsa ba. Ta ciro waya, ta kunna wurin da yake hura hular, ta miƙo mini.

"Wannan babana ne, Mama."

Rariya ta kusa faɗuwa a hannuna. Shekara talatin da shida da aure, yau ga abin da za a kawo mini har gida! Na ɗaga murya yadda maƙwabta za su shaida: "Malam! Fito nan! Fito ka yi mini bayani!"

Ya fito da carbi a hannu, takalmi ƙafa ɗaya. Yarinyar ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce a yi haƙuri, ba shi take nufi ba, hular take nufi. Na sauke numfashi, na ba ta kujera da ruwa, amma shi sai da na harare shi duk da haka.

Sunanta Fibi, malamar firamare ce a Jalingo, 'yar Michika. Babanta Zadok, mai gyaran keke. Tun kafin a haife ta kunama ta taɓa harbinsa a cikin hula a gona, tun daga ranar ba ya zama sai ya hura hularsa ya kaɗe ta, kuma yana karkata ta hagu ne saboda wurin harbin ya bar masa ƙullutu. Ranar Lahadin da 'yan bindiga suka shiga garinsu, shekara goma sha ɗaya ke nan, kowa ya gudu inda ƙafarsa ta nufa. Ba ta sake ganinsa ba. Shekaranjiya tana wurin kitso wata ta kunna Lamba Tara a waya, ta tashi da rabin kai a tsefe.

"Ba kama ba ne, Baba," ta ce wa mijina da irin Hausarsu ta can. "Shi ne. Har yadda yake buga hula a gwiwa. Ka gan shi da idonka. Ka faɗa mini a ina, shi kawai na zo nema."

Na kalli Nata'ala, na riga na san abin da zai ce.

"'Yata," ya ce, "wallahi ban sani ba."

Haka yake aiki. Baba Sambo ba mutum ɗaya ba ne: tafiyar ta wani makaniki ce, muryar ta wani tsohon liman, hular ta wani daban. Kuma ba ya tambayar suna, ba ya ko gaisawa. Cewa yake idan ya san sunan mutum kunya za ta hana shi ɗauka. Shekara da shekaru ina yi wa wannan ɗabi'a dariya, ran nan kuwa sai na ji kamar in kwaɗa masa muciya.

Ya dafe goshi, can ya zabura. "Mai shayi! Tashar Jambutu! Watan jiya na gan shi yana yi!"

Ko hannu ban wanke ba na zura hijabi. Maƙwabcinmu Mu'tasim yana wanke Keke Napep ɗinsa a ƙofar gida, dattijo ne mai furfura a gemu, tun zamanin acaɓa yake kan titin Jimeta. Da ya ji labari a gurguje ya watsar da bokitin ya ce mu hau. Malam ya zauna gaba kusa da shi, ni da Fibi a baya. Yarinyar nan sai gyara ɗankwali take, tana tambayata ko fuskarta ta yi daidai.

Mai shayin bai wuce shekara talatin ba. Da ya ga Nata'ala ya saki ludayi ya yi ihu, "Baba Sambo da kansa!" Ya cire hula, fuf fuf, ya buga a gwiwa. Direbobi bakwai da ke kan bencinsa su ma suka cire nasu, fuf fuf, suna ƙyaƙyata dariya. Malam ya tambaye shi a ina ya koya.

"Ah ah, Baba, a wurinka mana! Ko ba kai ka kawo yayin ba?"

Kun ji fa! Ɓarawo an yi masa sata, ya bi sawu ya kamo kansa. Fibi ta juya ta kalli tashar, ko'ina maza suna hura hula suna yi wa mijina kirari. Rabin garin nan ya zama babanta. Ta koma cikin keke ta zauna, ni kuwa tausayinta ya kama ni har na ji haushin kowa da ke wurin.

Na ce wa kaina, Sakinatu, ki nutsu. Duk mutumin da Nata'ala ya sato, a gidana yake fara sauke shi. A falona ake gwajin ɗingishi, a kan tuwona ake gwajin tari. Shekara talatin na yi ina riƙe da fayil a sakatariya, ban taɓa ɓatar da ko ɗaya ba. Yaushe na fara ganin ana hura hula a gidana? Na rufe ido, sai na ji muryar Goggo Aishat tana faɗa: "Kai Nata'ala, ƙurar hularka za ka zuba mana a miya?" Goggo Aishat kuwa sau ɗaya ta taɓa zama da mu, lokacin da Mubi ta faɗa hannun mutanen nan, dangina ashirin da uku suka cika mana gida har ana kwana a kicin.

"Malam," na ce, "shekarar gudun Mubi. Wane wasa kuka yi?"

"Wasan wanke hannu ne, saboda amai da gudawa. Ƙungiyarmu ta je ta yi wa 'yan gudun hijira." Ya tsaya, bakinsa a buɗe. "Bayan mun gama na koma ni kaɗai, kwana uku a jere. Akwai wani mutum... Na ajiye shi shekara goma ban samu inda zan sa shi ba sai bana."

"A ina?"

"Sansanin Malkohi!"

Mu'tasim bai jira an ce masa komai ba, ya murɗa keken nan har sai da kaina ya bugi ƙarfe. Muka ratsa Jimeta yana oda ba dalili, yana ce wa duk wanda ya tare hanya, "Matsa, muna da uzuri!" Malam yana gaba yana ta surutu, abin yana dawo masa guntu-guntu: akwai itacen tsamiya, akwai waya mai ƙaya, mutumin yana tsugune. Ni ina ta cewa alhamdulillahi. Sai da muka bar kwalta na lura Fibi ta yi tsit.

"Me ya faru, 'yata?"

"Mun je Malkohi, Mama. Ni da mamana. Ta Kamaru muka zaga, muka iso Yola a Disamba na shekaran nan. Aka buɗe mana littafin sunaye, muka bi layi layi da yatsa, sau biyu. Babu Zadok."

Daga nan suka wuce Jalingo wurin wani kawunta. Da aka ƙwato garinsu suka koma suka tarar da gidan toka, wani kuma ya ce ya ga babanta ya faɗi a bakin kogi. Uwar ba ta taɓa yarda ba. Fasto ya yi ya yi a yi masa addu'ar mamaci a coci, ta ce ba za a binne mata miji da baki ba. Shekara huɗu ke nan da ta rasu, tana kan bakanta. Na riƙe hannun Fibi, na ce littafi mutum ne ya rubuta shi, mu dai mu je mu gani.

Malkohi ta zama gari yanzu, ɗakunan ƙasa da na kwano, awaki, masara ta kai kafaɗa. Kafin mu sauka labari ya zaga cewa Baba Sambo ya zo. Mata suka fito da zani a hannu, maza suka cire huluna, fuf fuf, nan ma! Muka yi ta tambaya: Zadok, ɗan Michika, mai gyaran keke. Dattawa suka haɗa kai suka girgiza. Yawancinsu mutanen Gwoza ne, sun zo daga baya. Waɗanda suka zauna a farkon nan sun watse, wasu sun koma gida, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Fibi ta sulale ta zauna a ƙasa da kayanta masu kyau.

Raina ya ɓaci. Na ja mijina gefe na ce, "Kai dai kanka rariya ne, ba ya riƙe komai. Jikinka ne mai tunawa. Bar tambayar mutane, yi mana mutumin. Ba Baba Sambo ba, shi, gaba ɗayansa, yadda ka kawo mini shi gida."

Ya kalle ni, ya kalli yarinyar. Ya taka ya nemo tsamiyar, tana nan, ta ƙara girma. Ya cire babbar riga ya miƙo mini, ya ce jama'a su ja baya. Sau dubu na ga wannan abu amma har yau tsigar jikina tashi take. Ya tsaya ya rufe ido, kafaɗunsa suka sauka, wuyansa ya shige, mijina mai tumbi ya koma wani ɗan tsamurmurin mutum. Ya cire hula ya hura, ba irin ta talabijin mai ban dariya ba, a hankali, yana leƙa ciki da gaske. Zai tsuguna sai ya tsaya yana shafa ƙafar wandonsa ta dama, yana waige-waige.

"Roba," ya ce. "A ba ni roba."

Mu'tasim ya ruga ya kwanto wata tsohuwar robar tayar da yake ɗaure kaya da ita. Malam ya naɗe ƙafar wandon ya ɗaure tamau a idon sawu, yadda masu hawa keke suke yi kada sarƙa ta ci musu wando. Ya tsuguna. Ya kama wata taya da babu ita, ya juya ta, ya rufe ido ɗaya yana duban karkatarta. Ya riƙa taɓa wayoyinta da farcen babban yatsa yana kasa kunne. Sai ya fara magana ƙasa-ƙasa cikin wani yare da ni da shi duk ba ma ji. Shi dai sauti ya haddace, kamar yadda yake haddace tari.

Fibi ta ƙwalla ƙara ta miƙe tsaye.

"Yarenmu ne! Sunan mamana yake kira! Da sunana na gida, wanda babu mai kirana da shi sai shi! Cewa yake, Allah ka nuna mini inda suka kwana!"

Ta faɗa jikina tana kuka tana dariya. Ya iso Yola da ransa, wannan kam ta tabbata, maganar bakin kogi ƙarya ce. Mata suka fara salati. Ni ma hawaye nake, ina bubbuga bayanta. Ban ankara ba sai na ji Mu'tasim ya buga tsalle yana tafa hannu.

"La'ilaha illallahu! Mai facin Mbamoi! Hajiya, wallahi na san shi! Daminar bara tayata ta fashe a can, wani tsoho ya yi mini faci. Ƙafar wandonsa a ɗaure da roba, na ce Baba ina keken, ya ce babu. Har na yi masa dariya!"

"Yana hura hula?" in ji Fibi.

"Ke 'yata, wa ya lura? Ku hau kawai!"

Malam bai ko kwance robar ba ya faɗa gaba, babbar rigarsa tana hannuna. Mutanen Malkohi suka bi mu da gudu har bakin hanya suna Allah ya sa a dace. Tafiyar nan ba zan manta da ita ba. Keken yana tsalle a ramuka, ruwan kwata yana fantsama, Mu'tasim yana rantsuwa zai gane rumfar ko ido rufe. Ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, Fibi tana yin tata da sunan Yesu, hannunmu a sarƙe, kowa yana cewa amin ga ta ɗan'uwansa. Mijina ya juyo, fuskarsa tana sheƙi, ya ce, "Maman Haidar, kin ga amfanin sana'ar da kike zagi?" Na ce ya bari mu isa tukuna kafin ya fara yabon kansa, amma murmushi nake.

Mun shiga Mbamoi ana kiran azahar. Muka wuce gonaki, muka wuce injin niƙa, Mu'tasim ya taka birki a gaban wata rumfar kwano. Tsofaffin tayoyi a jibge, famfon iska, kwano cike da baƙin ruwa. Wani tsoho siriri yana tsugune ya nutsa tiyub a ruwan yana neman inda yake yoyo. Hularsa a karkace ta hagu, ƙafar wandonsa ta dama a ɗaure.

Fibi ta ƙanƙame ƙarfen keke. "Mama, idan ba shi ba ne fa?"

"In ba shi ba ne mu sha iska a taya mu ƙara gaba. Sauko!"

Na janyo ta kamar mai kai amarya. Tsohon ya ɗago kai, ya ga mata biyu, ya goge hannu a riga.

"Sannunku da zuwa. Faci ne ko iska?"

Fibi ta matso kusa da shi. Sai ta faɗi kalma biyu cikin yarensu. Tiyub ɗin ya suɓuce ya koma ruwa. Ya miƙe a hankali, ya matso har numfashinsu yana haɗuwa, ya ɗaga hannu baƙi ƙirin da man taya ya taɓa kumatunta. Ya kira wani suna, wanda na ji a bakin mijina a ƙarƙashin tsamiya. Ta ce, "Baba." Daga nan kuma sai ihu.

Ni Sakinatu, da haƙorin Makka a bakina, na rangaɗa guɗa a tsakiyar titi har sau uku, ban ji kunyar kowa ba. Mu'tasim ya danne oda ya ƙi saki. Mata suka fito daga gonaki da fartanya, masu zuwa masallaci suka tsaya da buta a hannu, kowa yana tambaya, kowa yana ba wani labari. Ashe su Baba Mai Faci kawai suka sani, shekara goma sha ɗaya babu wanda ya san sunansa ko garinsu. An gaya masa iyalinsa sun ƙone a coci, ya rantse ba zai sake ganin Michika ba. Yanzu ga shi yana riƙe da kan 'yarsa yana juya ta, yana cewa ta yi tsawo, ta yi tsawo. Wata ta kawo ruwa, wani ya kawo dafaffiyar masara, wani ya ɗaga hannun Nata'ala sama yana ihu Baba Sambo ne ya gano shi. Mijina kuwa baki har kunne.

Fibi ta jawo babanta ta ce, "Ga wanda ya kawo ni."

Zadok ya dubi Nata'ala, ya ƙanƙance ido. Ya dubi robar da ke ƙafarsa, ya sake duban fuskar.

"Na san wannan mutum."

"A talabijin, Baba," in ji wani.

"Ina na ga talabijin? Kai ne na Malkohi!" Ya fashe da dariya yana nuna shi da yatsa. "Jama'a, mutumin nan ya taɓa ba ni tsoro! Kun san yaran daji sun riƙe ni kwana biyar ina gyara musu kekuna kafin na gudu. Na iso Malkohi, ina ɗan taɓa aiki a gindin tsamiya, sai ga wannan. Ya zauna can yana kallona. Ba sallama, ba gaisuwa. Na tashi, idonsa yana kaina. Na tsuguna, yana kaina. Gobe ya dawo, jibi ya dawo! A lokacin nan fa, da kowa yake tsoron inuwarsa! Na ce shi ke nan, sun aiko a nemo musu makanikinsu. Rana ta huɗu, ranar da aka ce za a rubuta sunan sababbin zuwa, gari yana wayewa na tsallake waya na kama daji. Tun daga nan ban sake gaya wa kowa sunana ba. Ashe ɗan wasa ne!"

Jama'a suka kwashe da dariya. Ni ban yi ba.

"Wane wata ne, Baba?" Fibi ta tambaya a hankali.

"Ƙarshen Nuwamba."

"Mun zo ran tara ga Disamba. Mun duba littafin."

Sati biyu. Da ya ƙara kwana ɗaya a wurin, da sunansa yana cikin littafin nan, da yatsar matarsa ta sauka a kai. Na juya na kalli mijina. Mutumin da yake da fuska ga kowane hali, ta makoki da ta biki da ta mara, ran nan ya tsaya ba shi da ko ɗaya. Hannunsa da aka ɗaga sama ya sauko da kansa. Leɓensa yana motsi, ya durƙusa a cikin taɓon nan da wandonsa na fita, ya ce, "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Da na yi maka sallama kawai..."

Zadok bai ma ji shi ba. Maganar 'yarsa ce ta tsaya masa a kunne. Fuskarsa ta ƙara haske, ya kama kafaɗunta.

"Kun zo? Ke da wa? Ke da mamanki? Ashe tare kuka fita!" Ya leƙa ta bayanta yana miƙa wuya wajen keken, yana gyara wuyan rigarsa da hannu ɗaya. "Mamanki yana ina? Yana cikin keke? Kunya yake ji ne? Ki ce ya sauko mana!"

Fibi ta dubi mijina a durƙushe, kallo ɗaya, ta ɗauke kai. Ta kama hannun babanta biyu, ta zaunar da shi a kan tsohuwar taya, ta tsuguna a gabansa ta fara yi masa magana cikin yarensu. Babu wanda ya ji abin da take cewa, amma dariyar wurin ta ɗauke, masu buta suka sunkuyar da kai. Na je na tsaya kusa da Nata'ala, na lulluɓa masa babbar rigarsa a kafaɗa. Ban ce ya tashi ba.